Ranar da aka hana ni sukari don ana ƙaunata

Tun da likita ya ce ina da ciwon sukari, gidanmu kaf suka zama masu gadina. Shayi ba sukari, fura ba sukari, ko dabino na ɗauka sai wani ya yi gyaran murya. Hawan sukari kowa ya san shi a Tahoua. Saukarsa ce babu wanda ya taɓa yi wa iyalina bayani a kai, kuma ita ce ta kusa kai ni lahira.

Sunan jikan ƙanena ake yi, cikin zafin watan Afrilu. Na sha ƙwayar glibenclamide, maganin ciwon sukarina, da asuba, da niyyar karyawa a wurin suna. Aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, abinci shiru har hantsi. Sai hannuna ya kama rawa, zuciya na bugawa, zufa mai sanyi ta jiƙa mini riga. A watan nan kowa zufa yake yi, wa zai kula? Na miƙa hannu ga tiren dabino, ƙanena ya janye.

"Haba Yaya, kai da kanka? Sukarinka ne ya hau, dubi jikinka."

Na so in ce sauka ya yi, harshe ya yi nauyi. An ce faɗa na yi ta yi, ni ban tuna ba. Wani ɗanmu har ya ruga gida ɗauko ƙwayoyina don a ƙara mini ɗaya. Wannan ƙwayar, duk sanda na tuna ta sai gabana ya faɗi. Aikinta sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ga jini babu sukari.

Allah ya sa akwai ma'aikaciyar jinya cikin matan gidan, da na'urar awo a jakarta. Ta soki yatsana: 0,51. Ƙasa da giram 0,70 a lita sauka ce, ƙasa da 0,54 kuwa abin ya yi tsanani. Ta karɓi ƙwayar sukari 3 wurin yaron da ke dafa shayi, ta narka a ruwa, ta ba ni, ƙanena na tsaye yana salati. Bayan minti 15 ta sake awo, ta ƙara mini wasu, sannan aka kawo kunu da burodi. Ta kuma kafe sai an kai ni asibiti, domin glibenclamide na daɗewa a jiki, saukar na iya dawowa ko cikin dare. Daga baya likita ya sauya mini magani.

Abin da ke ƙona mini rai har yau: ana miƙa wa mutum irin wannan ƙwaya, ba a kira ko mutum ɗaya daga gidansa a ce masa akwai ranar da sukari ne maganin. Sai ni na tara su. In ina iya haɗiya, a ba ni giram 15: ƙwayar sukari 3, ko babban cokali na zuma, ko rabin kofin lemun kwalba, banda wanda aka rubuta babu sukari. Kilishi da gyaɗa ba sa ceto, maiƙo ma jinkirta abin yake yi. In ba na'ura kusa, a ba ni sukarin kawai. Ko da hawa ne, ƙwayar sukari 3 ba za ta kashe ni ba. In na suma, kada a ɗura mini komai a baki, a kwantar da ni ta gefe, a nufi asibiti. Ƙwayar magani kuwa, kada wanda ya kuskura ya ƙara mini.

Da azumi na gaya musu tun kafin a ga wata: awo ya yi ƙasa da 0,70, zan sha ruwa ko saura kaɗan magariba. In zan je Yamai, sukarina na aljihun riga tare da takarda da Hausa da Faransanci mai sunan maganina, domin jakar da aka cusa ƙarƙashin mota a Tahoua ba ta fitowa a Konni ko Dosso don hannunka na rawa.