Ruwan tabki a hanyar Gadabeji

Mun bar Maradi da asuba, muka bi ta Tibiri muka miƙe arewa zuwa Dakoro. Niyyarmu mu ga raƙuman dawan da aka kai gandun Gadabeji daga Kure, kusa da Yamai, a 2018. Bayan Dakoro sai rairayi da ƙaya. Can cikin daji mota ta yi zafi, lagireto ya shanye ruwan jarkarmu, aka tura yaron mota neman makaniki. Abin da ya rage mana wani tabki ne da damina ta bari, shanu sun tattake bakinsa, ruwan ya yi kauri kamar kunu.

Yayana ma'aikacin lafiya ne, ya ciro wata 'yar fitila mai batir daga jaka. Direbanmu, wani dattijo, ya dube ta, ya ce, "Ɗana, yanzu fitila ce za ta wanke ruwa?"

"Ba ta wankewa, Baba, kashe ƙwayoyin cuta take yi."

Hasken UV take fitarwa, wato wani haske da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayar halittar cutuka irin su kwalara da taifot har su kasa hayayyafa. Ana tsoma ta cikin ruwa lita ɗaya, a yi daƙiƙa 90 ana juyawa. Amma yayana ya hana a tsoma ta nan take, kuma wannan ne abin da nake so duk mai shiga daji ya riƙe: hasken ba ya ratsa laka. Cuta na fakewa bayan ƙurar da ke yawo cikin ruwa, ka sha kana ganin ka tsira. Sai da muka bar ruwan ya kwanta, muka tsiyaye na sama, muka tace da rawanin Baba ninki huɗu, muka sake tacewa har ana hango ƙasan kwano. Kuma ko da ya yi garau, hasken ba ya cire gubar maganin feshi ko gishiri.

Don kada batir ya ƙare, washegari muka koma ga rana, tunda ita ma tana da nata UV ɗin. Muka cika gorunan roba masu haske, waɗanda ba su wuce lita 2 ba, muka kwantar da su a rufin mota tun hantsi. Awa 6 ake so in rana ta buɗe, kwana 2 in akwai hadari. Da la'asar muka sha da ɗuminsa, muka cika wa wani makiyayi gorarsa, shi kuma ya nuna mana inda raƙuman suke kiwo.