Wata 4 ina koyar da wasan kwaikwayo a Bogota

Alhamdulillahi, yau Asabar muka rufe zangon farko na ajin wasan kwaikwayo da nake koyarwa a Bogota, babban birnin Kolombiya. Matasa 14 ne, a wani ɗaki mai daɓen katako a unguwar La Candelaria. Garin yana kan tsauni, sama da mita 2,600, don haka duk wasan da ke da gudu sai na jingina da bango na maida numfashi.

Ranar farko Sifaniyancina bai wuce gaisuwa ba, sai na roƙi kowa ya nuna mana tafiyar kakarsa. Wata yarinya ta ranƙwafa, hannu ɗaya a ƙugu, tana jan ƙafa tana mita ƙasa-ƙasa. Wallahi kakata na gani a tsakar gida, har idona ya cika da ƙwalla.

Abin da ya fi burge ni shi ne salon da rukunin Teatro La Candelaria ya yi suna da shi, wanda Santiago García da abokansa suka kafa a 1966: 'yan wasa da kansu suke haɗa labari tare, daga abin da suka gani a rayuwa. Yaran nan sun saba da haka, ba sa jiran takarda.

Na ba su labarin tashe, yadda yara ke manna gemun auduga su bi gida-gida da dare a watan azumi. Sati na zagayowa wani yaro ya zo da auduga cikin leda, ya ce in koya masa waƙar.