Da kaza da jaki na fara koya wa 'yata karatu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 makarantu da yawa suka rufe, wasu ma a nan Gadarif suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartoum, shi ne na ce ai ba zan zauna ina kallon yarinya tana girma haka ba, bari mu fara a tsakar gida.

Dabbobi na zaɓa saboda su ta sani. Ina zana kaza a kwali, in rubuta ka-za a ƙasa, mu tafa hannu sau biyu, sai ja-ki, sai ra-go, in ta kama sai mu hau masu gaɓa uku, a-ku-ya, sa-ni-ya, za-ka-ra. Hausa tana da sauƙi a nan wallahi, yawanci baƙi da wasali ne suke bin juna, yaro na gane ka, ke, ki, ko, ku to rabin aiki ya ƙare. Raƙumi da agwagwa na bar su sai can gaba, ƙ ɗin nan da gw suna rikita yara.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne hannu, ta saba da allo daga dama zuwa hagu, sai ta karanta kaza daga baya. Jan ɗigo nake sa mata a gefen hagu, in ce daga nan za ki taso.

Don Allah iyaye kar a tsawaita zama, in ta fara hamma mu tashi mu je ba awaki dusa, a hanya in tambaye ta da wane harafi tunkiya ta fara.