Yadda muka raba gadon Baba

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, 'yan uwa suka ce tunda ni ne babba a cikin waɗanda suka rage, in zama wakilin magada. Ba mu je kotu ba sai da iyayenmu mata biyu suka fita takaba, wata huɗu da kwana goma, don da ɗayarsu na da juna biyu, a mazhabar Malikiyya sai an jira haihuwa kafin a raba ko allura.

Alƙali bai fara da tambayar gida nawa ba. Bashi ya fara tambaya, sannan wasiyya. Allah ya taimake mu Baba ɗan kasuwar Kantin Kwari ne mai rubutu. A aljihun tsohuwar babbar rigarsa muka sami ƙaramin littafi, wanda ya biya ya soke sunansa da jan biro. Wani mutum da babu shi a littafin ya zo da da'awa, aka ce ya kawo shaidu, ya kuma rantse, tunda mamaci ba ya nan balle ya musa.

Inda aka kai ruwa rana shi ne shago. Ƙanena ya ce Baba ya ba shi tun yana da rai, kuma gaskiya ne, a gabana aka yi. Alƙali ya ce masa, "Wa ke karɓar kuɗin hayar?"

"Allah gafarta Malam, Baba ne, har ya rasu."

Shi ke nan. Kyautar da ba a damƙa ba har mai ita ya mutu ta koma gado. Ba a kuma iya mai da ita wasiyya ba, don babu wasiyya ga magaji sai sauran sun yarda, su kuwa ba duka suka yarda ba.

Lissafin kansa bai ɗauki lokaci ba. Bayan bashi, dukiya ta tsaya a naira miliyan 24. Mata suka raba tumuni, miliyan 3. Sauran miliyan 21 aka kasa goma tsakanin maza uku da mata huɗu: mace miliyan 2.1, namiji 4.2.

Abin da ya fi taɓa ni 'ya'yan marigayi Yayanmu ne. Ya riga Baba rasuwa, saboda haka mu baffanninsu mun katange su, ba su da kaso, alhali a gidan suka tashi, a hannun Baban. Yana da ikon yi musu wasiyya har sulusin dukiyarsa, kullum sai ya ce "sai an natsu". A Masar tun 1946 doka ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wasiyya. Mu nan sai abin da kaka ya furta. Baffanmu ne ya karanto mana aya ta 8 a Suratun Nisa'i, mai cewa a ba dangi da marayu wani abu in sun halarci rabon gado, kowa ya cire abin da ransa ya ba shi, muka saya musu fili.

Banki kuwa, kasancewar sunana a fom ɗin Baba a matsayin makusancinsa bai sa sun ba ni ko sisi ba, sai da takardar kotu ta zo.

Tun daga nan na zauna da malami na rubuta tawa wasiyyar, har da wanda zai kula da dukiyar yarana ƙanana. Filin da na daɗe ina ce wa maiɗakina nata ne, na kira shaidu biyu na miƙa mata takardunsa, yanzu ita ke ba da shi noma.