Wasiƙa daga Ingila Zuwa ga Ɗaliban Tattalin Arziki na Katsina da Daura

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da malamanmu, da ƙannena 'yan aji huɗu zuwa shida na sakandare. Da fatan kowa yana lafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ɗaukar darasin tattalin arziki a gida. Yaro da yawa yana shiga ajin ne don gudun kimiyya, ko don a cike darussan WAEC da NECO. Sai ya haddace ma'anar da Lionel Robbins ya bayar a 1932, ya zuba ta a takardar jarrabawa ba tare da kuskuren harafi ba, amma ka tambaye shi dalilin da tiyar gero take araha da kaka ta yi tsada da damina ta kankama, sai ya yi shiru. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kakarsa da ba ta taɓa shiga aji ba ta san amsar.

A nan Ingila, shekara biyu na ƙarshen sakandare ɗalibi yakan zaɓi darussa uku ne kawai ya zurfafa a cikinsu. Wanda ya ɗauki tattalin arziki ba a cika tambayarsa ma'anar kalma ba. Ana ajiye masa jadawalin farashi da guntun rahoton jarida, a ce ya zana hoton buƙata da wadatar kaya, ya faɗi wa ya ci riba, wa ya yi asara, sannan ya kawo hujjar da za ta iya rushe tasa maganar. Lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a nan, a Oktoban 2022, yara 'yan shekara sha bakwai suna ta muhawara ko ya dace Bankin Ingila ya ci gaba da ƙara kuɗin ruwa.

To, wallahi ku kun fi su abin nazari. Ku tuna Agustan 2019 da aka rufe iyakoki: me ya faru da farashin shinkafa, kuma me ya sa fasa-ƙwauri bai tsaya ba? A farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, mutum da kuɗinsa a banki sai ya sayi takardar kuɗi wurin mai POS da tsada. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, kuɗin mota daga Daura zuwa Katsina ya tashi, ya ja tumatir da taki. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar, aka sake rufe Jibiya da Kwangwalam. Ku je Mai'aduwa ku tsaya kusa da ɗan canji, ku ga yadda yake lissafin sefa da naira a ka, yana duba waya kafin ya faɗi farashi. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa an bar kasuwa ta yanke darajarta tun Yunin 2023, sai ta faɗi. Shi ya sa Bamaraɗe ya riƙa shigowa yana ɗibar hatsi da sauƙi, mu kuma muna kuka. Babi guda ke nan na littafinku, yana tafiya da ƙafafunsa.

Sai dai kada kowa ya ruɗe ku game da lissafi. Ba a shiga sashen tattalin arziki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma ba tare da kiredit a lissafi ba, kuma a JAMB ma sai kun rubuta shi. A jami'a kuwa ƙididdiga ce za ta tare ku tun shekarar farko. Wanda yake son fannin nan ya rungumi lissafi tun daga aji huɗu, musamman 'yan mata, da ake yawan ce musu ba nasu ba ne.

Malamai, na san ajin ya cika, albashi kuma bai kai ba. Roƙona ƙarami ne: kowane ɗalibi ya sayi littafi mai arha, duk ranar kasuwa ya rubuta farashin tiyar masara, wake, gero da litar fetur, har zangon karatu ya ƙare. Ranar ƙarshe ku zana shi a allo, ku bar su su yi gardama a kan dalili.

Ku gaida mutanen gida. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Naku,
Ɗan Katsina mazaunin Ingila