Taimar kol-rum a tsakiyar damina

Laraba, cikin Agusta.

Da ruwa aka kwana a Zariya, har bayan asuba ana yayyafi. Ban gama karyawa ba Hajiya mai kifin ƙanƙara ta Sabon Gari ta kira ni. "Injiniya, don Allah ka zo yanzu. Inji bai huta ba tun jiya, amma kifi ya fara laushi." Na ce wa yarona ya ɗauko jakar kayan aiki, muka hau mashin muka bi ta PZ.

Ma'aunin sanyin da ke ƙofar kol-rum ɗin, wato ɗakin daskarar da kaya, yana nuna digiri 7 ƙasa da sifiri, alhali kifi da kaji 18 ƙasa da sifiri suke so. Na shiga na haska ibaforeta, wato ragar bututun da ke sanyaya iskar ɗakin, ragar ba ta ganuwa sam. Sama farar ƙanƙara ce mai gari-gari, ƙasa kuwa ta daskare ta yi santsi kamar gilashi. Fankoki na ta juyawa, amma in ka kai hannu gabansu da ƙyar za ka ji iska. Yaran shago sun riga sun yanke cewa gas ne ya zube. Na gwada, gas lafiya lau. Hita ma lafiya, mita ta nuna tana jan amfiya 13. Saura taima.

Aikin taimar nan shi ne ta tsayar da kwamfuresa (injin da ke tura gas) da fankoki lokaci-lokaci, ta kunna hitar cikin ibaforeta har ƙanƙarar da ta taru ta narke ta bi bututu ta fita, sannan ta mai da sanyi. A ɗakin daskararrun kaya yawanci sau huɗu ake sa ta a kwana ɗaya, duk bayan awa 6, na minti 20 zuwa 30.

Ta Hajiya mai faifai ce, irin wadda ake ɗaura wa ƙananan kusoshi a jikin awanni. Na kwance ta, na goge ƙurar da ta rufe lambarta: 208-240V, 60Hz. Nan take na gane. Hz shi ne yawan bugun wuta a daƙiƙa ɗaya: wutarmu 50Hz ce, 60 ta Amurka ce. Ƙaramar motar lantarkin da ke juya faifan ba ta san ƙarfe nawa ba, bugun wuta kawai take bi. In ka sa ta 60 a wutar 50 za ta juya, amma a hankali: zagayen awa 24 sai ya ci mata awa 28 da minti 48, tazarar awa 6 ta koma awa 7 da minti 12. Wanda ya haɗa ta ya duba ƙarfin wuta ya ga ya yi daidai, bai karanta abin da ke gefensa ba. Da hunturu iska a bushe take, ba wanda zai lura. Yanzu ko, tun safe ana buɗe ƙofa ana fitar da katan-katan, kowace buɗewa danshi ya shiga ya daskare a raga.

Ko da ta 50 ce ma, ba zan so ta a wannan shagon ba. In aka ɗauke wuta faifan tsayawa yake cak har a tada janareta, don haka narkarwar da aka saita wa ƙarfe biyu na dare sai ta yi ta zamewa har ta faɗo tsakar rana, ana tsakiyar ciniki. Janareta kuma in kaya sun yi masa yawa bugunsa sauka yake. Abin da ya fi damuna shi ne da lokaci kaɗai take yanke hita. Lokaci na cika ta yanke, ko ƙanƙara ta narke ko ba ta narke ba. Wadda ta rage ta sake daskarewa ta yi tauri, gobe wata ta hau kanta. Abin da na gani a ƙasan ragar ke nan. Da hunturu kuma sai hita ta yi ta ci bayan ƙanƙara ta ƙare, tururi ya tashi ya daskare a rufin ɗaki, ga ɓarnar man janareta.

Muka kwashe kifin zuwa ɗakin wani maƙwabcinta, Allah ya saka masa da alheri. Ina juyowa na ga yarona ya ɗaga sukundireba zai fara sarar ƙanƙara. Na ce, "Kai, ajiye! Ka huda bututu ɗaya, gas ya tafi, aikin yini ya zama na mako." Ya ce, "Yi haƙuri, Oga." Da ruwan ɗumi muka bi ta a hankali har azahar.

Bayan salla na shiga wajen masu kayan firji. Mai shagon ya fito mini da wata mai faifai mai araha, ba suna, ba lambar amfiya, kwalin ma rubutunsa ya dushe. Na mayar masa. Abin da bai faɗi nauyin da zai iya ɗauka ba, ba na ɗora masa hita. Na ce ya kawo kwanturola ta lantarki mai yin aikin taima, mai sansa biyu masu auna zafi da sanyi, irin waɗanda Dixell da Eliwell da Carel na Italiya da Danfoss na Denmak ke yi. Ita ba ruwanta da bugun wuta wajen ƙirga lokaci, kuma a jikinta an rubuta 230V, 50/60Hz. Na buɗe kwalin na karanta takardar ciki, na duba bakin wayoyin, domin jabu sun yi yawa a kasuwa.

Hajiya ta tambaya, "Injiniya, ba wadda ta fi wannan sauƙi?" Na ce, "Akwai, Hajiya, amma kifinki ne zai cika kuɗin." Ta ce in sa.

Haɗin ne ya ci mini yamma. Sansa ɗaya na ɗaki, ɗaya na cusa tsakanin raga a kusurwar da ƙanƙara ta fi daɗewa ba ta narke ba, nesa da hita. In ka sa shi kusa da hita zai ji zafi da wuri ya yanke, ka koma gidan jiya. Na saita ta yanke hita in raga ta kai 8 sama da sifiri, in kuma sansa ya lalace kada ta wuce minti 30. Na ba ta minti 3 ruwa ya gama ɗiga, fankoki kuma su dakata sai raga ta yi sanyi, don kada su fesa ruwa a kan kaya. Makunnin cikin kwanturolar ƙarami ne, amfiya 8 aka rubuta masa, ba zai ɗauki 13 ba, sai na bi da hitar ta kontakta, wato babban makunnin da ke iya ɗaukar nauyin. Na ƙara mata abin da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama.

Abu ɗaya na tsaya na yi tunani a kai. Ƙananan kwanturololin nan marasa agogon da ke riƙe lokaci, in wuta ta ɗauke ta dawo, daga farko suke sake ƙirga. A shagon da ake sauyawa tsakanin wuta da janareta sau da yawa a yini, awa 6 ɗin tana iya ƙin cika. Sai na rage tazarar zuwa awa 4, tunda sansa zai yanke da zarar aiki ya ƙare.

Kafin magariba muka gwada narkarwa ɗaya, minti 17 ta yanke da kanta. Ruwan dai yana tsayawa a tire, bututun fitarsa ba shi da hita, gobe zan ja masa waya. Na rubuta saitin a kwali na manna a ƙofa, na gaya wa Hajiya in hunturu ya shigo cikin Nuwamba ta neme ni mu ƙara tazarar.