Ranar da muka cire ƙodar wani masunci

Aikina a ɗakin tiyata a Birnin Kebbi shi ne miƙa wa likita kayan aiki da ƙirga auduga. A duk ayyukan da nake tsayawa, cire ƙoda mai ƙari ne ya fi sa ni shan jinin jikina, saboda jijiya guda ɗaya: wadda ke kwashe jini daga ƙodar ta mayar da shi zuciya.

Wani dattijo masunci daga wajen Yauri ya daɗe yana fitsarin jini, ba zafi ba raɗaɗi. A bakin kogi wannan ba labari ba ne, kowa tsargiya zai ce. Ya sha maganinta, jinin ya ɗauke, ya kuma dawo. Abin da ya kai shi gaban likita daban ne: jijiyoyin marainansa na hagu ne suka kumbura rana tsaka, ko ya kwanta ba sa sacewa. Likita na jin haka ya tura shi hoton ciki. Jinin maraina na hagu a jijiyar ƙodar hagu yake zuba, in wani abu ya tare hanyar, a ƙasa ake fara ganin alama.

Hoton cikin, wanda ake kira CT, ya nuna ƙari a ƙodar hagu da ya haura santimita 7, har ya miƙa reshe cikin jijiyar kamar saiwa ta bi bututu. Da bai wuce santimita 4 ba, sau da yawa shi kaɗai ake yankewa a bar sauran ƙodar. Wannan kam sai dai a ɗauke ta dungurungum.

"'Yata, da guda ɗaya zan rayu?" ya tambaye ni muna shirya shi.

Na ce, "Baba, an gwada ta daman, lafiyarta lau. Za ta riƙe ka in sha Allahu."

Kafin a sa wuƙa sai da ledojin jini suka kammalu, 'ya'yansa ne suka bayar. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙodoji yake bi, don haka in jijiya ta ɓalle a nan, ba lokacin aika wani neman jini. Likita ya fara ɗaure jijiyar da ke shigar da jini. In aka soma da mai fitarwa, ƙodar cika za ta yi ta kumbura, ko'ina ya riƙa tsatsafa. Daga nan ya sa yatsu biyu yana lalubar jijiyar a hankali, yana neman inda reshen ƙarin ya tsaya. Ba a matsa wurin da ƙarfi, domin in guntu ya ɓalle, zuciya zai nufa, daga can sai huhu. Da ya gano ƙarshensa, ya tura hannu gaba da shi kaɗan ya danne, ya ce in ba shi zare. Hannuna na gumi cikin safa, amma na miƙa daidai.

Rigimar da ban zata ba bayan an fito ta taso. Iyalinsa suka nemi a ba su ƙodar su binne. Na fahimce su, sai dai naman nan dole ya je ɗakin bincike, can ne za a san irin ciwon dajin da kuma ko an kwashe shi tas. Irin wanda ya fi kama ƙodar manya ba ya jin allurar daji ta yau da kullum sosai, shi ya sa sakamakon ke da nauyi. Tun daga lokacin, wannan maganar kafin aiki nake yin ta da babban ɗa, a zaune, ba a bakin ƙofar tiyata ba.

Da za a sallame shi, babban ɗan na ja gefe. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, a raba Baba da su. A riƙa auna hawan jini, maganar azumi a tambayi likita tukuna, kuma ranar komawa hoto kada a ɗage ta don ana ganin ya murmure ya koma kogi.